Ƙannena, Ku Bar Ɗan Biri a Jikin Uwarsa

Assalamu alaikum ƙannena. Makon jiya na tarar da yaran layinmu sun kewaye wani ɗan jan biri da aka ɗaure da igiya a gindin darbejiya. Wannan ya miƙa masa gyaɗa, yana kawo hannu sai ya janye, wancan ya tsokane shi da kara, ana ta shewa. Wanda ya saye shi saurayi ne da bai wuce shekara 17 ba, yana ta ɗaukar bidiyon da zai sa a TikTok. Shi kuwa birin ya ƙanƙame bishiyar da hannu bibbiyu.

Kun san dalilin wannan ƙanƙamewar? Haka yake riƙe cikin uwarsa. Birinya takan ɗauki ciki wata biyar da rabi zuwa shida, ta haifi ɗa guda, da wuya ta yi tagwaye. Daga ranar haihuwa yana manne da gashin cikinta, ta yi gudu da shi, ta hau bishiya da shi. Ɗan gwaggon biri in ya yi ƙwari sai ya koma bayanta, ya zauna ɗare-ɗare kamar mahayin doki. To ku tambayi kanku, ta yaya wannan jaririn ya iso kasuwa? Uwa ba ta miƙa ɗanta don an roƙe ta. Galibi sai an harbe ta, sannan a ɓamɓare shi daga jikinta. Kuɗin da ka bayar, ƙanena, shi ne zai sake tura maharbin daji gobe.

Biri ba kyanwa ba ne da za ta yi zamanta ita kaɗai a kan katanga. Dabbar jama'a ne. Jan biri na yawo a garke, mata da 'ya'yansu, da babban namiji guda da ke hawa kan suri ko kututture yana gadi. Ba mazaunin kurmi ba ne, filin daji yake so mai ciyawa da ƙaya, yana cin ƙaro da fāra da 'ya'yan itace. Duk cikin birai babu wanda ya kai shi gudu, yakan kai kilomita 55 a awa. Wannan halittar ce aka ɗaure da igiyar da ba ta kai taku uku ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa Yankari a jihar Bauchi ya ga gwaggon birai a sansanin Wikki, garke guda ya haura talatin. Ku zauna ku kalle su na minti goma kawai. Za ku ga ɗaya ya kwanta, ɗaya yana bin gashinsa da yatsu yana tsince kaska da datti. Mu muna cewa cire ƙwarƙwata yake, amma a wurinsu zumunci ne, da shi ake ƙulla abota, da shi ake sulhu bayan faɗa. Akwai manya, akwai ƙanana, kowa ya san wanda zai kauce wa. Masana da suka zauna da wasu birai a Amboseli ta ƙasar Kenya sun gano cewa kukan da suke yi in sun ga damisa daban, na gaggafa daban, na maciji daban. In aka yi na damisa sai a haye bishiya, na gaggafa a shige duhuwa, na maciji a miƙe tsaye ana duba ƙasa. Ƙaramin biri yakan yi kuskure, ya yi wa tsuntsun da ba ya cutarwa kukan gaggafa, sai a hankali yake gyarawa cikin manya. Wanda ya tashi a ɗaure a tsakar gida, wa zai koya masa? Shi ya sa ko an kwance shi an kai shi daji bayan shekaru, da wuya ya iya rayuwa.

Ba ina cewa biri salihi ba ne. Manomin da ya kwana gadin masara ya san ɓarnarsa, kuma Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce ko biri ya karye sai ya hau rumbu. Yana da 'yar jaka a kumatu da yake cusa abinci ya gudu, sai ya sami wuri ya ci a natse. A Wikki in ka bar ƙofar ɗaki a buɗe, burodinka ya tafi. Amma wa ya koya musu? Baƙi masu jefa musu biskit don su ɗauki hoto. Birin da ya saba karɓa daga hannun mutum, ranar da aka hana shi ƙwacewa zai yi.

Ga wani abin da yara ba su sani ba. In biri ya yashe haƙora, ba dariya yake muku ba, tsoro ne. In namijin gwaggo ya yi hamma a gabanka yana nuna fiƙoƙi, gargaɗi ne. Zura masa ido kuwa neman faɗa ne a yarensu. Ɗan birin da kuke wasa da shi yau, nan da shekara uku ko huɗu zai balaga, fiƙarsa ta fito, kuma ƙananan yaran gida yake fara cizo. Wanda biri ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, saboda cutar haukan kare da sauran cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Kada a tsaya shafa toka ko man shanu.

Dukanmu mun ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Mun haddace shi tun muna Islamiyya, amma da an zo kan biri sai mu manta, wai ai abin wasa ne.

Na je na sami mahaifin saurayin nan da ya sayi birin bayan sallar isha'i, na ce Baba, a nemi ma'aikatan gandun daji ko gidan zu su karɓi dabbar nan tun tana ƙarama. Ya ce to, zai yi masa magana. Jiya da na wuce birin na nan a gindin darbejiyar, igiyar ta fara cin ƙugunsa har gashin wurin ya zube.