Shekarun da ba a ƙirga wa tsohon soja

Duk lokacin da wani tsohon soja ya rasu yana da shekara ɗari ko fiye, jaridu kan fara da rundunar da ya yi wa aiki da fagen da ya fafata, sannan a can ƙarshe a ambaci cewa ya bar ’ya’ya da jikoki. A ganina an juya lissafin, domin yaƙin da ake ta kambamawa wani ɗan yanki ne kawai na rayuwar irin waɗannan mazan jiya.

Harry Patch, sojan Birtaniya na ƙarshe cikin waɗanda suka kwana a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasu a 2009 yana da shekara 111. Watanni kaɗan ya yi a bakin daga a Beljiyam a 1917, kafin wani bam ya raunata shi ya kuma kashe abokan aikinsa uku. Da ya dawo sai ya koma sana’arsa ta gyaran famfo, ya yi aure, ya haifi ’ya’ya maza biyu, kuma bai buɗe baki ya yi maganar yaƙin a fili ba sai da ya kai kusan shekara ɗari. Wannan dogon shiru ba a sararin Allah ya yi shi ba. A cikin gida ya yi shi, a gaban mutanen da suka koyi zama da abin da ba a faɗa musu ba.

Haka ma Claude Choules, sojan ruwan da ya ga yaƙe-yaƙen duniya biyu ya kuma rasu a Ostareliya a 2011 yana da shekara 110. Shekara 76 suka yi tare da matarsa Ethel, kuma an san shi da ƙin shiga faretin tunawa da yaƙi. Mutum ne da ya san inda ya fi son a tuna shi.

Ba kowane soja ne ke dawowa da sanyin hali ba, kuma wannan ne ya sa nake ɗaukar zaman lafiyar gidan tsohon soja a matsayin aiki mai wuya. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya ciwon firgicin bayan masifa cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Kafin nan, matan aure ne suka yi jinyar mafarkan dare da saurin fushi ba tare da sun san sunan cutar ba, kuma babu wanda ya rataya musu lambar yabo.

Wanda ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu yana ɗan shekara 18 a 1945, yau yana daf da ɗari. Masu zuwa hira da ragowarsu su tambaye su labarin fagen fama, amma su ware lokaci su tambayi ’ya’yansu yadda daren gidan yake a shekarun farko bayan dawowar mahaifinsu.