Ranar da na yi wa fatar Lobo kuɗi

Ƙanin Hajiya, wanda duk kun san halinsa, shi ne ya kai ni garin Simaron a jihar New Mexico ta Amurka, domin mu ga ɗakin karatu na tunawa da Ernest Thompson Seton da ke filin 'yan sikawut na Philmont. Seton masanin namun daji ne da yake rubuta littattafai yana zana dabbobin da hannunsa, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar sikawut ta Amurka a 1910, ya rasu a 1946.

Littattafan ba su daɗe da ni ba, domin wata tsohuwar fata da aka ajiye wa masu ziyara ta ɗauke mini hankali. Da yake kakana majemi ne, sai na gyara tsayuwa, na bayyana da Turanci, da murya mai ƙarfi, cewa wannan fatar karen gida ce, kuma a Kasuwar Kurmi ba wanda zai taya ta. Maimakon ƙanin Hajiya ya taɓa ni, alhali ya riga ya karanta bayanin da ke gefe, sai ya juya ga yaran sikawut da ke bayanmu ya shaida musu cewa ni ƙwararre ne daga Afirka.

Wani yaro mai ƙyalle a wuya, wanda bai wuce sa'ar autana ba, ya ɗaga hannu cikin ladabi kamar muna aji. Ya ce fatar Lobo ce, kyarkecin da ya addabi makiyayan kwarin Kurumpo, wanda guba da tarko suka gagara kamawa har sai da Seton ya kashe Blanca, matar kyarkecin, ya ja shi da ƙanshinta zuwa tarko a 1894. Ya ƙara da cewa Lobo bai daɗe a ɗaure ba ya mutu, abin ya tsaya wa Seton a rai, ya buɗe littafinsa na 1898 da labarin. Duk tsawon bayanin nan yatsana yana miƙe wajen fatar, na rasa yadda zan sauke shi cikin mutunci. Da yaron ya gama, ya tambaye ni ko ina da tambaya.

Yaron dai na yafe masa. Wanda ban yafe wa ba shi ne mutumin da na biya wa kuɗin jarrabawa sau biyu, wanda ya jingina da bango yana share hawayen dariya yana cewa, “Yaya, to nawa ka saya?” Kafin mu isa mota Hajiya ta samu labari, da ƙarin cewa wai na nemi ragi, abin da ban yi ba. Kuma a hanyar komawa ni na sha wa motarsa mai.