Ɗalibar ungozoma ba gwaji take yi a kanki ba

Mata da yawa a Gombe, da sun ga ɗaliba a ɗakin awo sai gabansu ya faɗi, wai da jikinsu za a koyi aiki. Wasu har fasa zuwa asibiti suke yi saboda wannan, abin da ya fi damuna ke nan.

Kafin a tura ɗaliba wuri irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ta riga ta yi karatun jikin mace da juna biyu a aji, ta kuma gwada karɓar haihuwa a kan mutum-mutumin roba. A asibitin ma ba ita kaɗai take aiki ba. Ko hawan jini za ta auna, ko bugun zuciyar jariri za ta saurara, akwai ungozoma mai lasisi da ke duba ta, tana sa hannu a littafin aikinta. Hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ba ta ba ta lasisi sai ta cika wannan horon ta ci jarrabawa.

Kuma 'yar'uwa, kina da ikon tambayar wa ke duba ɗalibar, ko ki ce babbar kike so ta taɓa ki.