Yana yabon Linux, MacBook ce a gabansa: munafunci ne?

Wanda ya saba kallon tarukan masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke da damar duba cikinta ya gyara, ya san wannan hoton: mutum na tsaye yana yabon Linux, buɗaɗɗiyar babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, gabansa kuwa MacBook ce a buɗe, kwamfutar Apple mai aiki da rufaffiyar manhajar macOS. Wasu na kiran wannan munafunci. Ni ban yarda ba, ko da yake abin yana damuna ta wata fuskar.

Linux dai bai gaza ba. Tun da Linus Torvalds ya fitar da shi a 1991, ya mamaye manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, a kansa aka gina Android, kuma tun 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da shi suke aiki. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta ƙi ba da kai.

Laifin galibi yana wuyan masu ƙera kayan ciki. Kyamara, katin hoto, na'urar kama wayfai, kowanne yana buƙatar ƙaramar manhajar da za ta sada shi da babbar manhaja. Kamfanoni da yawa Windows suke fara rubuta wa, wasu kuma su ɓoye bayanan yadda kayansu ke aiki, sai 'yan sa kai sun yi ta tono kafin su gano. Shi ya sa batir ke saurin ƙarewa a wasu na'urorin, ko a rufe murfi kwamfuta ta ƙi farkawa. Apple kuwa shi ke tsara na'urar, shi ke rubuta manhajarta, kuma tun fitowar M1, ƙwaƙwalwar kwamfuta da ya tsara da kansa, a 2020 batirinta ya ƙara yi wa na saura nisa. Mai ganawa ta bidiyo da sassafe ba ya son ya tarar makirufo ya ƙi aiki. Sau da yawa ma ba shi ya zaɓa ba, wurin aiki ne ya miƙa masa.

Ga kuma sauƙin da aka yi wa mai yabon Linux ɗin. Tushen macOS Unix ne, tsarin da Linux ya kwaikwaya, manhajar Homebrew na sauke masa kusan duk kayan aikin da ya saba da su, Microsoft ma ya shigar da Linux cikin Windows ta hanyar wani tsari mai suna WSL tun 2016. Sai ya ga kamar bai rasa komai ba.

To a nan damuwata take. Buɗaɗɗiyar manhaja tana ci gaba ne idan wanda matsala ta dama ya zauna ya gyara ta. In gwanayen duk sun koma inda komai ke tafiya sumul, wa zai ji zafin batirin da ke ƙarewa har ya nemo maganinsa? An bar wa sabon shiga matsalar da ta fi ƙarfinsa, shi kuma ya gaji ya gudu.

Kuma zanen aro ba ya rufe katara. Daga 2002 masu gina Linux sun dogara da BitKeeper, rufaffiyar manhaja, wajen adana aikinsu, domin ta fi sauran inganci. A 2005 mai ita ya janye damar amfani da ita kyauta. Dole ta sa Torvalds ya rubuta Git, buɗaɗɗiyar manhaja da ta maye gurbinta. An yi sa'a abin ya zama alheri, amma ba kowace ƙofa aka rufe ake samun mai gina sabuwa cikin 'yan makonni ba.

Ba na cewa kowa ya bi tsantsenin Richard Stallman, wanda ya kafa GNU, shirin gina manhajar da kowa ke da 'yancin gyarawa, a 1983 kuma yake ƙin rufaffiyar manhaja ko da zai sha wuya. Mutane kaɗan ne za su iya. Amma mai MacBook yana da abin yi. Masu aikin Asahi Linux sun yi ta fama har Linux ya tashi a kan sababbin kwamfutocin Apple, kuma a kan irinsu Torvalds ya fitar da Linux 5.19 a 2022. Ya tallafa musu da kuɗi ko da rahoton matsala. In ya tashi sayen wata kuma, ya duba kwamfutocin kamfanin System76, ko samfuran Dell da Lenovo da ke zuwa da Linux, domin kamfani adadin ciniki yake dubawa kafin ya sa injiniyoyinsa aiki.