Ranar da Na Raina Waƙar Italiyawa

Duk abin da ya same ni a Napoli bakina ne ya jawo mini. Tsohuwar da nake haya a gidanta malamar waƙa ce da ta yi ritaya, kullum da hantsi sai ta kunna faifan opera, wato wasan kwaikwayon nan da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe. Ran nan ina shan shayi na ji wata mata a faifan tana ta rangaɗa guɗa ba ƙaƙƙautawa, sai na ce, "Sinyora, ai wannan ko gwaggona tana yi ranar kai amarya, kuma kyauta."

Ta ajiye kofinta a hankali. "Gobe ƙarfe goma ka zo ka yi mini."

Ban ji ɗar ba, don a Islamiyya ni ke bayarwa yara na amshi.

Waƙar ta Vivaldi ce, wani shahararren mai tsara waƙa ɗan Italiya, daga wasansa Griselda da aka fara yi a Benis a 1735. Zancen teku take yi, wanda iska biyu suka sa a tsakiya, matuƙin jirgi ya fid da rai. To, ashe muryar mawaƙi ita ce za ta zama igiyar ruwan. Gaɓa ɗaya tak ta kalma za ka kama, ka zuba mata sautuka rututu a guje, kowanne fes a rarrabe kamar ƙwayar carbi, sannan ka yi tsalle daga can ƙasa zuwa ƙololuwa ba tare da ka taka tsani ba. Duk a numfashi guda. Don muryar mace aka rubuta ta, amma Sinyora ta yi mini rangwame ta sauko da ita.

Kafin nan sai da ta kunna kyandir a gaban bakina. Wai in kama sauti ɗaya siriri, in kumbura shi har ya cika ɗaki, in sake mayar da shi siriri, kuma harshen wutar kada ya motsa. Sunan abin messa di voce. Sau huɗu ina hure kyandir ɗin. Da ashana ta tasam ma ƙarewa sai ta kwantar da ni rigingine, ta ɗora mini ƙamus a ciki, wai daga nan numfashi ke tashi, ba daga kafaɗa ba.

Da aka zo waƙar kanta na fita a sukwane. Ban kai rabin layi ba iska ta ƙare, muryata ta tsage kamar ta zakaran da ke koyon cara, idona ya yi duhu, na lalubi kujera. Na dai rarrafa har ƙarshe. Ta ce, "Da capo." Na ce na gode, na fara neman takalmina. Ashe nufinta a koma farko, kuma a wannan zagayen mawaƙi ke ƙara nasa adon a kan na Vivaldi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Da dare na shiga banɗaki ina bita. Can sai ga abokina ɗan Zangon Kumasi, mai ɗakin kusa da nawa, riƙe da kofin ruwan tofi.

"Malam, tun yaushe suke taɓa ka?"

Rana ta uku, muryata ta dushe, na tambaye ta wai shin akwai namijin da ya taɓa iya irin wannan? Fuskarta ta washe. Farinelli mana! A nan Napoli ya yi karatu wurin wani malamin waƙa mai suna Porpora, kuma a 1737 ya tafi Sifaniya, inda yake yi wa Sarki Filib na Biyar waƙa da dare don rage masa baƙin cikin da ke cinsa. Na gyara zama na ce mene ne sirrinsa, ko wani jiƙo yake sha?

Sai ta ɗaga yatsu biyu ta yi alamar almakashi.

Fiɗiye mawaƙa irinsa ake yi tun kafin su balaga. Murya ta tsaya ta yaro, ƙirji kuwa ya buɗe kamar zugazugin maƙeri.

Na haɗe gwiwoyina. "Sinyora, ni kaɗai ne namiji wurin mahaifiyata, kuma an riga an sa mini rana."

Tana dariya tana cewa an daina wannan tuntuni, yanzu mata ke rerawa, da mazan da suka horar da siririyar murya. Sauran bayanin daga kan matakala na jiyo shi. Kuɗin hayar watan nan ma ta ƙarƙashin ƙofa na tura mata.