Chapman da Ɗigon da Ake Mantawa da Shi

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Chapman, jan lemon nan da ake sha a otal-otal da wuraren biki a Najeriya, babu ko ɗigon barasa a cikinsa. Ba kullum haka yake ba.

Yawancin kayan haɗinsa dai ba su da matsala: Fanta, Sprite, ruwan grenadine mai ba shi launin ja, ƙanƙara, yankan kokwamba da lemon tsami. Inda gizo ke saƙa shi ne wata 'yar kwalba mai takardar suna da ta fi jikinta girma, Angostura bitters, wani ruwa mai ɗaci da ake ɗigawa a ciki. Kashi 44.7 cikin ɗari na abin da ke cikinta barasa ce, ta fi yawancin wiski ƙarfi. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ne ya haɗa ta a 1824 a garin Angostura na Venezuela a matsayin maganin ciki. Yanzu a Trinidad ake yin ta.

Gaskiya abin da ake zubawa kaɗan ne. Idan aka zuba mililita 3 a babban kofi mai rabin lita, barasar da ke ciki ba ta kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, ba ta bugarwa. Amma wasu masu haɗawa kan ƙara Campari, wannan kuwa giya ce sosai.

Wanda ke gudun barasa sai ya ce a cire duka biyun tun kafin a haɗa. Matsalar ita ce idan babu ɗacin, zaƙi kan yi yawa har ya gundura. Don maye gurbin ɗacin, a tafasa ɓawon lemu da kanumfari uku a rabin kofin ruwa na minti 10, a tace, a zuba cokali biyu.