Kyamara a Gindin Badala

Shekara uku ke nan da na mayar da safiyar Asabar lokacin fita da kyamara zuwa kufai da kangaye, kuma yawancin fitar tawa ba ta wuce gefen ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Dukawuya da Ƙofar Kabuga. Nakan fita ne bayan sallar asuba, musamman da hunturu, domin kafin hantsi ya dubi ludayi hasken rana yana kwantowa a kaikaice a jikin badala, sai ka ga sawun ruwan damina da ya zaizaye ta shekara da shekaru ya fito ɓaro-ɓaro. Da zarar rana ta take, duk wannan ya ɓace, ganuwar ta koma tudun jar ƙasa kawai a cikin hoto.

Roƙona ga 'yan'uwa masu wannan sha'awa shi ne mu riƙa ɗaukar hoton waɗannan wurare a matsayin shaida. Na sha ganin hotuna a Facebook da Instagram inda matashi ya sha kwalliya ya tsaya a kan badala, hoton ya yi kyau ƙwarai, amma babu sunan wurin, babu ranar ɗauka, ita kuwa ganuwar an dusashe ta a baya. Ban ga laifin kwalliya ba, sai dai ginin da aka aza harsashinsa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa shi a zamanin Muhammadu Rumfa, ya cancanci a ce shi ne abin kallon. Ta wajen Ƙofar Kabuga ne sojojin Ingila suka shiga birnin a 1903, amma da yawa daga cikin masu tsayawa hoto a can ba su taɓa jin wannan ba.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, idan aka daina kula da shi kuwa, kowace damina sai ta tafi da rabonta. A kan wannan aka ƙara masu haƙar ƙasar don yin gini, da masu zubar da shara, da masu kafa shaguna a gindinta. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, ita da kufan Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi, amma hakan bai hana a rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi ba. Wanda yake son ya ga yadda take a da, babu inda zai dosa sai tsofaffin hotuna.

Ni ma na taɓa yin ɓarnar da nake magana a kanta. Wata safiya na hau wani ɓangare na badala don in samu hangen Goron Dutse da kyau, sai wani ɓarin ƙasa ya ɓalle a ƙarƙashin ƙafata ya gangara ya farfashe. Na tsince shi na duba, na ga guntattakin ciyawar da aka kwaɓa da ita suna nan a ciki. Wani dattijo da ke zaune kan buzu a kusa ya ce mini, "Ɗana, sauko ka ɗauka daga ƙasa, ta tsufa, ba ta iya ɗaukarka." Na ce, "To, Baba, a yi haƙuri." Tun daga ranar ban sake hawa ba, kuma shi ne ya nuna mini inda tsawonta yake kaiwa lokacin ƙuruciyarsa, ya ɗaga sandarsa sama da kaina nesa.

Haka ma kangon gida a cikin birni, komai faɗuwar azararsa da zankwayensa, yana da magada, don haka nakan fara da sallama ga mai unguwa ko maƙwabta kafin in leƙa zaure.

Yanzu na zaɓi wurare biyar da nake komawa bayan kowace damina, in tsaya daidai inda na tsaya bara, in rubuta rana da sunan unguwa a ƙarƙashin hoton. Da na jera na bana da na shekara biyu da suka wuce, ɗaya daga cikin biyar ɗin katangar bulo ce ta cika hoton.